Takardar da ta Taso a Kaskon Hajiya

Da sunan Allah, mai rufa wa bawa asiri ko da bawan ne ya yaye mayafin da hannunsa.

Ku da kuka saba leƙowa, da ku da yau ne farau, ina gaishe ku. Ni ce dai Raudatu Maidawa ta Bagudo. Sau uku ina rubuta shafin nan ina gogewa, domin duk yadda na juya shi ba ya fitar da ni da kyau. Na so in shafa hoda inda tabon yake, sai na ga idan na yi haka wata ƙaryar ce zan ɗora a kan waɗanda suka riga suka yi min nauyi. To ga shi nan yadda yake. Mai niyyar zagina ya daure ya kai ƙarshe.

Ranar Asabar aka tsayar iyayen Abdulrauf za su taso daga Bahindi su kawo gaisuwar neman aurena. Shekarata ashirin da shida. Ƙannena mata biyu suna ɗakunansu, ɗaya har da goyo. Idan kin taɓa zama babbar 'ya a gidan da ƙanne suka riga ki fita, ba sai na yi miki bayanin irin kallon da ake yi miki a gidan biki ba. Innata ta daina yi min faɗa kai tsaye. Sai dai in ta gan ni ina wanke-wanke ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Allah dai shi sa wagga tukunya ba hannunki za ta huje ba."

Abdulrauf mai gyaran injinan ban-ruwa ne. Dogo ne, baƙi, da ɗan tabo a girarsa ta hagu inda bel ɗin inji ya taɓa tsinkewa ya mare shi. Kullum akwai sauran baƙin mai a gefen farcensa duk yadda ya wanke, kuma wallahi ban taɓa ganin hannun da nake son kallo kamar nasa ba. Ba shi da yawan magana. Idan ya turo min "Kin ci abinci?" to a wurinsa waƙa ke nan ya rera. Shekara guda muna tare mahaifiyarsa Hajiya Gaji tana ja masa rai, wai 'yan matan cikin gari idonsu ya buɗe da yawa.

Sai kuma Anti Moji. Mojisola sunanta, Bayarabiya ce, shagonta ƙofa biyu ne daga zaurenmu. Sabulu, ashana, kyandir, burodi, ɗan magi. Ta zo garin nan tun ba a yaye ni ba, kuma Inna ta sha ba ni labarin yadda take goya ni da farin zane in Inna ta tafi niƙa. Hausarta ta fi tawa zama ta Kabi. Tana zuwa cocin masu fararen kaya da ke bayan tasha, waɗanda ke shiga ba takalmi, su kunna kyandir a kan manyan faranti su yi ta addu'a. Duk Litinin ita da wasu mata suke share wurin, su kankare farantan, su zubar da guntayen kyandir da daskararren kakin a bola.

Da na gama karatu na zauna ba aiki, sai na ga wata a waya tana narkar da ragowar kyandir tana mayar da shi abin ƙamshi. Na nuna wa Anti Moji. Litinin ta gaba sai ga ta da leda cike.

"Ungo, omo mi, ɗiyata. Ki mai da shara arziki mu gani."

Ga yadda nake yi, ga masu tambayata a akwatin saƙo. Ina farfasa kakin da wuƙa, in zare lagwanin, in kankare baƙin da wuta ta bari. In zuba a babban gwangwanin madara, in tsoma gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi, domin in kika ɗora shi kan wuta kai tsaye zai iya kamawa. In ya narke sai in tace da farin ƙyalle. Ku riƙe wannan, a tace. Sannan in bar shi ya ɗan huce kafin in ɗiga man turare, miski ko ambar, domin zafi yana korar ƙamshi. Wani lokaci in barbaɗa garin sandal da hawi. In juye a mazubin ƙanƙara, in ajiye bayan randa ya daskare. Mai amfani da shi za ta rufe garwashin kaskonta da toka, ta ɗora ƙaramar tasa, ta jefa ƙwaya ɗaya. Ba hayaƙi, ba tari, ɗaki ya ɗauki ƙamshi har labule. Matan unguwa suka raɗa masa suna alawar kasko.

Ƙaryata ta farko a nan ta fara. Duk wadda ta tambaye ni inda nake samo kakin sai in ce daga Benin ake kawo min, wata mata ce 'yar Segbana take shigo da shi ta Tsamiya. Kun san mu da kayan ƙetare. Kuma na san ba wadda za ta yarda ta kunna ragowar kyandir ɗin coci a ɗakin da take shimfiɗa darduma. Anti Moji ta san ina faɗin haka. Dariya take yi har tana riƙe ciki.

"Kakin Benin na, wanda anka haifa bayan tasha."

Abu na biyu shi ne wanda ya fi min wuyar rubutawa.

Wata rana da hantsi, wata biyu da suka wuce, na je na zauna a bencin shagonta idona ya kumbura. Abdulrauf ya gaya min Hajiya ta sake cewa a dakata sai bayan girbi, kuma ta fara yi masa zancen wata 'yar ƙawarta a Geza. Anti Moji tana ƙulla gishiri a leda tana saurarena.

"Kin yi addu'a?"

"Anti, har goshina ya yi baƙi."

"To ƙara. Ni ma in taya ki da tawa. Mu in muna roƙon ma mutum abu, muna rubuta sunanai a takarda mu aza ƙarƙashin kyandir, don kar a mance shi cikin addu'a. Ba wani abu na ba. Amma sunan yaron ga naku yana da ƙafafu da yawa, ban iya haɗa shi. Rubuta min."

Ta yago gefen takardar da take naɗe sabulu, ta miƙo min biro.

Masu karatu, na yi Islamiyya. Na san abin da malaminmu zai ce. Na yi dariya don ta zama kamar wasa, na ce, "Anti ke dai ba ki rabo da abin dariya." Amma na karɓa. Na rubuta *Abdulrauf Ma'azu da Raudatu Maidawa*, har na ja layi a ƙasa. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, lokacin da nake rubutawa zuciyata ba wasa take yi ba. Cewa take, ko ta ina ne dai, Allah Ya sa a dace. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Na manta da zancen. Bayan sati biyar sai ga saƙon Abdulrauf da sassafe:

"Hajiya ta sauko. Ta ce Asabar ɗin nan mai zuwa."

Na karanta ya fi sau ashirin. Na rungume Inna har tana ture ni tana cewa in bar ta ta gama lazimi. Da rana ya sake turowa:

"Zakiyya ta ce Hajiya na son turare. Ko za ki haɗa mata irin naki? Zan biyo bayan azahar gobe in karɓa."

Zakiyya ƙanwarsa ce, ita ce ke ɗan rada masa abin da ke ran tsohuwar.

Washegari Talata. Jiyanta Anti Moji ta kawo sabon kaki, manyan dunƙulaye farare tas da aka kankaro daga faranti. Na tashi in fara aiki sai na tarar ƙyallen tatar yana kan igiya, ruwan asuba ya jiƙa shi sharkaf. Ruwa da kaki ba sa haɗuwa. Na duba agogo, na duba kakin, na ce ai wannan fari ne kamar auduga, me za a tace a ciki? Na jefa dunƙulayen yadda suke, na zuba garin sandal tun kafin su gama narkewa, ruwan ya koma ja mai duhu, ba a ganin gindin gwangwanin. Na cika mazubin ƙanƙara, sauran mai kaurin na ƙasa na juye a ƙananan kofunan shayi guda uku, na ce waɗannan manyan na Hajiya ne na musamman. Na jera su a kwanon tangaran mai murfi cikin waɗanda Inna ke tara min, na naɗe da sabon ɗankwali.

Da ya zo na fito cikin atamfata ruwan goro mai zanen ganye, da mayafi ruwan madara. Ya ɗaga murfin ya shinshina, ya lumshe ido.

"Wanga in Hajiya ta ji shi, da kanta za ta zo ɗaukar ki."

"A ce mata na Benin ne," na ce, ina wasa da bakin mayafi.

Laraba da la'asar ina tsintar shinkafa a tsakar gida wayata ta yi ƙara. Hoto ne daga gare shi, ba gaisuwa, ba komai. Na buɗe.

Ƙaramar tasa ce a kan kasko, kaki ya narke a ciki, garin sandal ya kwanta a ƙasa. A gefen tasar, kan murfin kwano, ga 'yar takarda an warware ta da tsinke, ta jiƙe da mai har ana ganin bayanta. Biro bai goge ba. Layin da na ja ma yana nan.

Farantin shinkafar ya zame daga cinyata. Kaji suka taru ban ko kore su ba.

Ya kira. Muryarsa a ƙasa take, kamar daga cikin rijiya.

"Raudatu, mine ne wanga?"

Ashe Hajiya baƙi ta yi, matan unguwarsu sun zo taya ta murnar an tsayar da ranar gaisuwa. Ta ɗauko ɗaya daga cikin manyan don ta yi fahariya da surukarta. Suna zaune suna yaba ƙamshi sai wata ta ce, Hajiya mi ke yawo cikin tasar? Aka tsamo. Zakiyya ta karanta a gaban kowa kafin ta gane abin da take karantawa. Kun san abin da mace za ta kira takarda mai sunan ɗanta da na budurwa, a binne cikin turaren da aka aiko mata ta shaƙa.

Na buɗe baki in ce ni ce. Wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Ban sani ba."

Shekara guda muna tare, bai taɓa ganin rubutun hannuna ba. Komai namu a waya yake. Na tuna da haka a cikin daƙiƙar nan, kuma na jingina da shi. Wannan ita ce irin matar da kuke karanta labarinta.

Alhamis da hantsi Hajiya Gaji ta iso da Zakiyya, ba aike, ba sanarwa. Gajeriyar mace ce mai jiki, cikin leshi ruwan toka da babban mayafi, carbi naɗe a wuyan hannu. Inna ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma a ɗaki, ta kawo ruwa da fura. Ba ta taɓa ko ɗaya ba. Na durƙusa daga bakin ƙofa cikin hijabina na sallah, kaina a ƙasa.

"Ina kwana, Hajiya."

"Lahiya." Ta kwance bakin mayafinta ta ajiye takardar a tsakiyar tabarma. "Ɗiyata, ni ban zo hwaɗa ba. Tambaya ɗaya ta kawo ni. Wa anka kai ma sunan ɗana?"

"Hajiya, wallahi..."

"Aje wallahi tukuna, tana da nauyi. An ce min kayan Benin na. Ni ɗiyar bakin iyaka ta, na ci kasuwar Segbana tun ba a haife ki ba. Wace mata ta? Hwaɗi sunanta in aika a kira ta."

Tattabarun Baba na ta kuka a kan rufi. Inna ta zuba min ido. Ta san ledar da ke shigowa gidanmu duk Litinin, ba ta taɓa tambaya ba ne kawai.

"Ba na Benin ba ne," na ce. "Ragowar kyandir ne. Maƙwabciyarmu ke ba ni."

"Wace maƙwabciya?"

"Mai shagon nan. Bayarabiyar."

Bayarabiyar. Matar da ta goya ni. Tun da na iya magana ban taɓa kiran ta da wani suna ba sai Anti, amma ranar nan bakina ya nemo mata sunan da zai nisanta ta da ni.

"Ina ita ka samo shi?"

"A cocinsu."

Zakiyya ta dafe ƙirji. Hajiya ta ja carbinta ƙwaya biyu kafin ta yi magana.

"Kyandir ɗin coci kika aiko min in kunna inda nika sallah. To wannan ɗaya ke nan, ƙuruciya ta da son a sani. Takardar fa? Ke kin san da ita?"

Inna ta riga ni. "Haba Hajiya, yarinyar da ko ƙofar gida ba ta wucewa? Ta ina za ta san wanga aiki?"

"Ita nika tambaya."

Na kalli takardar. Harafin *R* ɗina mai doguwar wutsiya yana kallona.

"Ban san da ita ba."

Hajiya ta miƙe ta gyara mayafi. "Mu je a nuna min shagon."

Ban bi su ba. Na laɓe a zaure ina leƙe ta tsagar ƙyaure kamar ɓarauniya. Anti Moji tana zaune tana yanka sabulu, sanye da riga da zane na adire, rinin Yarabawa, da tabaraunta a kan hanci. Ta miƙe da fara'a ta gaishe su. Hajiya ta miƙa mata takardar. Kafin a ce me, masu sayen ashana da matan da ke dawowa daga niƙa sun tsaya.

Ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta ɗago, ba Hajiya ta kalla ba, zaurenmu ta kalla. Ban san ko ta hango ni ba. Na ja da baya har na taka akuya.

"Hajiya, ni na rubuta," na ji ta ce. "Yarinyar ba ta sani ba. Na ga tana son ɗanki, ni kuma ɗiyata ta, sai na sa su cikin addu'a irin tamu. Ba magani na ba, ba asiri na ba. Wajen kankare faranti ya shige cikin kakin ban gani ba. Laihina na. Ki yi haƙuri."

"Wa ya aike ki? Mu mun rasa masu yi muna addu'a na?"

"Ba wanda ya aike ni."

"To ki ji da kyau. Sunan ɗana ya hita bakinki, ya hita ɗakin tsahinku."

Wata daga cikin matan ta ce dama ita ta daɗe tana mamakin yadda shagon nan ba ya rabo da ciniki. Wata ta mayar da burodin da ta riga ta ɗauka. Anti Moji ta koma bayan teburinta. Ta zauna ta ci gaba da yanka sabulunta, sai dai yankan ya daina fita daidai.

Da yamma saƙon Abdulrauf ya shigo.

"Alhamdulillah. Hajiya ta ce ba laifinki ba ne. Asabar na nan."

Sai wani:

"Na san ba za ki yi haka ba. Ko da kowa ya ce ke ce ban yarda ba."

Sai wani, abin da bai taɓa rubutawa ba tun da muke:

"Ina son ki, Raudatu."

Shekara guda ina jiran kalmomin nan uku. Na sha kwatanta yadda zan ji ranar da za su zo, na ɗauka zan yi ta birgima a katifa. Da suka zo sai na kife wayar na tura ta ƙarƙashin filo.

Juma'a da safe na ce wa Inna zan sayo ashana. Ta bi ni da kallo amma ba ta hana ba. Shagon ba kowa. A irin wannan lokacin da sai ka yi layi. Burodin jiya yana nan a jere, ƙuda na bin ledar.

"Anti, ina kwana."

"Lahiya lau. Mi za a ba ki?"

Ba omo mi. Ba ta ko ɗago ba.

"Anti, ni..."

"In ashana ta, ga ta. In kuka na, ki kai shi gida, nan ba a saye." Ta cire tabarau ta goge da bakin zane. "Shekara ashirin da biyar ina garin ga, Raudatu. An kira ni mai tsada, an kira ni mai baki. Jiya na hwara jin mai tsahi. Matar liman ta aiko a mayar min da kwanon da na kai mata abincin Kirsimeti tun bara, wai yanzu ta tuna da shi."

Na durƙusa a gaban teburin. "Don Allah ki yafe min."

"Tashi kar a gan ki. Na yi ƙarya saboda ke, kuma ranar Lahadi zan hwaɗa ma Ubangijina na yi, in roƙe Shi. Ni na san inda zan kai tawa. Ke ina za ki kai taki?" Ta tura min ashanar. "Je ki yi aurenki. Yaron kirki na. Amma in kin haihu kar ki ba ɗiyarki labarin wai wata Bayarabiya ta taɓa yi miki asiri. Wannan kaɗai nika roƙo."

Na dawo gida ina ganin hanya biyu-biyu. Na tarar Inna ta baje kayan tarbar baƙi a tsakar gida, ana ta suyar cincin da dubulan, an wanke manyan kuloli an kife. Ta ja ni ɗaki ta saki labule.

"Daga ina?"

"Inna, ni na rubuta takardar nan."

Ko gezau ba ta yi ba. "Na sani. Ban iya boko ba, amma na san wutsiyar da kika ja ma sunanki tun kina aji uku, ita ta a jikin duk kwanon da ke gidan ga."

"To Inna a bar Anti da..."

"Moji babba ta, ta san abin da ta ɗauka. Kwana bakwai mutane sun mance, su koma sayen magi. Ke in wagga ta ɓaci, wa zai mance? Ɗiyar Maidawa da ta kai sunan saurayi coci. Ko bazawari ba ya tako zauren ga." Muryarta ta karye. "Raudatu, na gaji da amsa tambayar mutane. Ki kama bakinki Asabar ta wuce. In kin shiga ɗakinki ki ji tausayin duniya duka, ban hana ki ba."

Ban ga laifin Inna ba, har yanzu ban gani ba. Kuka take yi tana goge min nawa hawayen da bakin zanenta mai warin man gyaɗa.

Bayan la'asar Abdulrauf ya turo: "Ina waje."

Na sa doguwar riga baƙa mai ɗinkin zare ruwan zuma a wuya, na yafa mayafi, ban shafa komai a fuska ba. Yana jingine da babur ɗinsa a gindin dalbejiyar ƙofar gida, cikin farar shaddar Juma'a, hula zanna ta zauna daidai. Ya kawo min gasasshiyar masara biyu a takarda, don ya san ina so. Daga inda muke tsaye ana hango shagon. Anti Moji tana ciki ita kaɗai, ta tallafe haɓa.

"Kin rame cikin kwana biyu," ya ce. "Ki kwantar da hankalinki, ya wuce. Sharaɗi ɗaya Hajiya ta sa. Ba ke ba matar can, ko gaisuwa. Kuma kawuna ya ce zai yi ma mai gidan da take haya magana, bai kamata irinta na zaune tsakiyar mutane ba."

"A tashe ta?"

"Ke mi ya dame ki? Ita ta ja ma kanta." Ya ɓare masarar ya miƙo min. "Kin san mi ya fi yi min daɗi? Da Hajiya ta ce ta tambaye ki ido da ido kin ce ba ki sani ba, sai na ce mata, Hajiya, Raudatu ba ta ƙarya. Ko kakin ma kunya ta sa ta ce na Benin na."

Na riƙe masarar, zafinta yana cin tafin hannuna. Na kalli tabon girarsa, na kalli baƙin man da ke gefen farcensa. Gobe war haka da an gama. Kalma ɗaya ba sai na faɗa ba, shiru kawai ake so in yi, kuma shiru ba ya cikin abin da ke yi min wuya.

"Kana da biro?" na ce.

Ya yi dariya. "Biro kuma?" Ya laluba aljihun gaba ya zaro wanda yake rubuta lambar injina da shi.

Na yagi gefen takardar masarar, na ɗora a kan kujerar babur. Na rubuta yadda na saba, ban canza komai ba. Sunansa, sunana. Na ja layi a ƙasa. Na miƙa masa.

Ya karanta yana murmushi, yana jiran ya ji wasan. Sai murmushin ya tsaya. Ya ciro wayarsa, ya nemo hoton ranar Laraba, ya buɗe shi da yatsu biyu. Ya kalli waya, ya kalli takarda. Ya sake kallon waya.

"Anti Moji ce ta ce za ta taya ni addu'a," na ce. "Ni na rubuta mata da hannuna. Ba asiri ba ne, amma na sani, kuma na so. Jiya ta rufa min asiri ne kawai. Na yi maka ƙarya, na yi wa Hajiya."

Wani mai kura ya wuce da jarkokin ruwa, ya yi mana sallama, ba wanda ya amsa. Daga cikin gida ina jin ƙarar cincin a mai da muryar Inna tana cewa a rage wuta.

"Kin san abin da kika yi yanzu?" ya ce a hankali.

"Na sani."

"Da kin yi shiru, har in mutu ban sani."

"Na san wannan ma."

Ya ninke takardar gida huɗu ya sa a aljihu. Na ɗauka babur zai hau. Na riga na fara shirya yadda zan tsaya da ƙafafuna har ya sha kwana kafin in faɗi. Sai na ga yana danna waya. Ya sa ta a lasifika, ya kamo gefen mayafina ya ɗora min ita a tafin hannu, a kan masarar.

"Ni ban iya kai mata wanga," ya ce, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Kuma ban iya ɓoye mata. Da bakinki kinka hwaɗa mata waccan, da bakinki za ki hwaɗa mata wagga. Abin da duk tac ce, shi za a yi gobe."

Wayar ta yi ƙara sau ɗaya. Sau biyu. Can a shago na ga Anti Moji ta miƙe tsaye tana kallon mu, hannunta a kan ƙirji.

A ta uku aka ɗauka. Na ji hayaniyar mata da ƙarar turmi, gidansu ma ana shiri.

"Abdu? Ka ganat? Ce ma ɗiyata ta kwana da shirinta, goro ya iso."

Na matso da wayar kusa da bakina.

"Hajiya, ba shi ba ne. Raudatu ce. Don Allah ki ɗan fita daga cikin mutane, akwai abin da ban faɗa miki ba jiya."

Ƙarar turmin ta yi nisa. Na ji an ja ƙyaure an rufe.

"Ina jin ki," ta ce.